Daga Jagaba zuwa Rada: Tarihin Idon Matafiyi a Hanyar Bodinga da Shagari

Wanda ya bar Sakkwato bayan la'asar a watan Janairu, ya nufi Shagari ta Bodinga, yana fuskantar kudu maso yamma. Rana tana gabansa ta ɓarin dama, ta yi ƙasa, ta zama farin faifai a cikin hazo. Ƙura ta kwanta a gilashin gaba, kowane ɗigo nata yana kama hasken yana watsa shi. Idan motar tasa Camry ce ko Corolla ta shekarun baya-bayan nan, daga cikin waɗanda aka yi amfani da su a Amurka kafin a kawo su, a daidai irin wannan lokaci ne wani ɗan rubutu kan bayyana a gaban sitiyari, yana shaida masa cewa kyamarar gaba ta daina aiki na ɗan lokaci. Da yawa ba sa karanta shi. Wasu kuma sun daɗe da sa bakanike ya kashe ƙarar da ke rakiyarsa. Amma ma'anar rubutun mai nauyi ce: birkin da ke taka kansa idan mota ta doshi wani abu ya janye hannunsa, a daidai sa'ar da idon direba ya fi rauni.

Tambayar wanda zai gano wa matafiyi abin da ke gabansa idan sama ta rufe ta girmi mota nesa ba kusa ba, kuma wannan hanya ta ga amsoshinta iri-iri.

Hanyar da ta girmi kwalta

Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Bodinga. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga, 'yar tafiya kaɗan daga wurinsa. Daga Sifawa ne aka raba ragamar daula a 1812, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi. Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, Abdullahi kuma ya kafu a Gwandu. Tun daga nan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu ta zama jijiyar daula: manzanni da malamai da fatake duk ita suke bi. A watan Mayun 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta Bodinga a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu da Timbuktu.

Ayarin fatake na wancan zamani, irin masu zuwa Gwanja ɗauko goro, yana da tsari. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke shawarar tashi da sauka, shi ke sasantawa da sarakunan da ake bi ta ƙasarsu. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da mashigin ruwa da alamar 'yan fashi. Uban dawaki yana da nasa aikin na kula da ayari. Abin lura shi ne an raba gani da hukunci. Jagaba yana kawo labari, madugu yana auna shi. Kuma dukansu sun san iyakar ido. Da rani ake yawan tafiya, lokacin da rafuka suka janye, amma ranin nan shi ne lokacin hazo. Idan hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, da jan bangon ƙura a gabansa, ba a jayayya da shi, sauka ake yi a ɗaure kaya. Jakin da ke tafiyar kilomita huɗu ko biyar a sa'a yana ba mai shi isasshen lokaci ya ga rami kafin ya isa gare shi.

Lori da yaron mota

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Layin dogo da suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai taɓa isowa Sakkwato ba. Saboda haka lardin ya dogara da lori fiye da Kano ko Zariya, kuma tsohuwar hanyar ayari ta kudu ta zama wani yanki na babban titin da a yau ake kira A1, wanda ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Kontagora da Jega da Tambuwal, ya ratsa Shagari da Bodinga, ya wuce Sakkwato har Illela a bakin iyakar Nijar.

Lori ta zo da sabon jagaba, wato yaron mota. Shi ke leƙawa ta gefen da direba ba ya gani, shi ke dira ya tsaya a baya yana cewa a zo, a zo, a tsaya. Shi ke goge gilashi a kowace tasha, shi ke yi wa direba hira da dare don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Kusan duk aikin da na'urorin taimakon direba suke yi a yau, daga gargaɗin ja da baya zuwa lura da barci, yaron mota ya riga su yi. Bambancinsa da su guda ne mai muhimmanci: idan bai gani ba, yakan buɗe baki ya ce bai gani ba, da harshen da direba yake ji.

Garin Shagari ya ba ƙasar nan mutumin da hannunsa ya taɓa tarihin hanya da na mota duka. An haifi Alhaji Shehu Shagari a can a 1925. Shi ne ministan ayyuka na tarayya a 1965 zuwa juyin mulkin Janairun 1966, kuma kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 ya shugabanci hukumar daraktocin kamfanin Peugeot na Najeriya, wanda masana'antarsa ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975. Peugeot 504 ta yi suna a Arewa saboda tsayinta daga ƙasa da juriyar ƙafafunta, kuma kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Jega ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Mota ce da aka harhaɗa a nan, don hanyoyin nan.

Wani canji da aka yi a ranar 2 ga Afrilun 1972 ya buɗe ƙofar abin da ya biyo baya. A ranar Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Lokacin da masana'antun harhaɗa motoci suka durƙushe a shekarun da suka biyo bayan tsuke bakin aljihu na 1986, kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda sitiyarinsu ya dace da titinmu ba tare da gyara ba. Motar da ke bin hanyar Bodinga a yau, in ba ƙalilan ba, an zana ta ne don wani yanayi dabam.

Hazo ne ya haifi rada

A 1904 wani matashin injiniya Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya nuna wata na'ura a bakin kogin Rhine a birnin Kolon. Tana aika igiyar rediyo, idan igiyar ta bugi jirgin ruwa ta dawo sai ƙararrawa ta kaɗa. Manufarsa ita ce hana jirage karo da juna cikin hazo. Kamfanonin jiragen ruwa ba su saya ba, sai gab da yaƙin duniya na biyu aka raya fasahar, wadda daga baya aka sa wa suna rada. Tun daga haihuwarta, ke nan, an yi ta ne don inda ido ya gaza.

Amma da aka zo sanya wa mota ido, ba da rada aka fara ba, domin tana da tsada. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya sa na'urar auna tazara mai amfani da hasken lesa a motarsa Debonair a 1992, ya ƙara inganta ta a Diamante a 1995. Toyota ta bi sahu a Celsior a 1997. Irin wannan na'ura, wadda ake kira laida, tana da arha a lokacin, sai dai ruwan sama da hazo da datti suna makantar da ita. A ƙarshen shekarun 1990 Mercedes-Benz ta fito da Distronic a manyan motocinta na S-Class, ta zaɓi rada. A 2008 Volvo ta sa birki mai taka kansa a cunkoson gari a motar XC60, Subaru kuma ta fito da EyeSight mai kyamara biyu a shekarar.

Daga nan doka ta shigo. A 2016 kamfanonin motoci 20 suka yi alkawari da hukumomin Amurka cewa birki mai taka kansa zai zama kayan kowace sabuwar mota kafin Satumban 2022, Toyota kuma ta riga wa'adin da shekaru, ta sa shi a kusan dukan motocinta na can zuwa ƙarshen 2017. Kyamarar ja da baya ta zama dole a Amurka daga Mayun 2018. Tarayyar Turai ta wajabta jerin irin waɗannan na'urori a kowace sabuwar mota daga Yulin 2024. Motocin da aka sayar a ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji su ne yanzu suke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su hau tirela, su iso wuraren dillalai a Sakkwato.

Idanu huɗu da ƙurar Bodele

Hazon hunturu yana da asali sananne. A arewa maso gabas da Tafkin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon babban tafki. Iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi tana share farar ƙasar kwarin ta ɗaga ta sama, kuma masana suna lissafa wurin a matsayin mafi yawan tayar da ƙura a duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ta zuwa ƙasar Hausa. A ranakun da ta yi kauri hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan yi gargaɗin cewa nisan gani zai sauka ƙasa da mita 1,000 a jihohin Arewa, jiragen sama kuma kan fasa sauka a filin Sultan Abubakar III da ke kudu da birnin Sakkwato.

Don fahimtar abin da wannan ƙura take yi wa mota, sai a tuna da kalmar da masu sauraron rediyo suka saba da ita, wato zango. Kowace igiya, ta haske ko ta rediyo, tana da tsawon zangonta, kuma ƙa'idar ita ce ƙwayar da girmanta ya yi kusa da tsawon zangon igiya, ko ya fi shi, ita ce ke watsa ta sosai. Ƙwayar da ta fi zangon ƙanƙanta nesa, igiyar kan wuce ta kamar babu ita.

Kyamara tana aiki da hasken da ido ke gani, mai zangon da bai kai maikuron ɗaya ba, maikuron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin ƙurar hunturu suna da girman maikuron kaɗan zuwa gommai. Saboda haka duk abin da hazo ya yi wa ido, ya yi wa kyamara. Kwamfutar da ke bayanta tana gane mota ko mutum ko layin titi ne ta bambancin haske da duhu a gefunansu, hazo kuwa wannan bambancin yake shafewa. Farar mota a kan farin sararin sama tana iya ɓacewa gaba ɗaya.

Laida tana harba hasken lesa mai zangon nanomita 905 ko 1,550, wato kusan maikuron ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta auna lokacin dawowarsa. Ƙura da ɗigon ruwa suna cinye wani ɓangare na hasken, suna kuma mayar da wani tun bai kai ga komai ba, har na'urar ta ɗauki gajimaren ƙura a matsayin bango.

Rada ta mota tana aiki a gigahaz 77, zangonta kusan milimita huɗu, ya ninka ƙwayar ƙura sau ɗaruruwa. Busasshen hazo bai cika damunta ba, kuma a nan ne ƙarfinta yake. Rauninta ruwa ne, musamman wanda ya kwanta a fuskarta. Ƙurar da ta taru a bayan tambarin mota ko a bamba, idan ruwan farko ya jiƙa ta ta zama taɓo, tana iya toshe ta. Rauni na biyu shi ne rada ba ta ganin siffa. Tana sanin akwai ƙarfe a mita kaza yana tafiya da gudu kaza, amma tana wahalar bambanta lalatacciyar tirela da aka bari a kan titi da allon da ke gefen hanya, shi ya sa aka tsara motoci da yawa su nemi shaidar kyamara kafin su taka birki don abin da ke tsaye. Idan kyamara ta makance, shaida ta rage saura ɗaya.

Na huɗu su ne 'yan maɓallan da ke jikin bamba, masu aika sautin da kunne ba ya ji. Mita kaɗan suke kaiwa, don ajiye mota aka yi su, taɓo ko ruwa mai ƙarfi kuma kan sa su yi ta kuka babu dalili.

Abin da gwaji ya nuna

Amfanin waɗannan na'urori tabbatacce ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa birki mai taka kansa yana rage bugun mota ta baya da kusan rabi. Amma cibiyar ta kuma bayyana a 2022 cewa nau'in da aka yi don kare masu tafiya a ƙasa, wanda ya rage haɗarin da kashi 27 cikin ɗari gaba ɗaya, bai nuna wani tasiri ba da dare a titin da babu fitila.

A Oktoban 2021 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi ta hanyar fesa ruwa a gilashin gaba. A gudun mil 35 a sa'a, kimanin kilomita 56, motocin sun bugi motar da ke tsaye a kashi 33 cikin ɗari na gwajin. Na'urar riƙe mota cikin layi kuwa ta bar ta ta fita a kashi 69 cikin ɗari. An yi wannan ne a busasshen titi, da ruwa a gilashi kawai, ba a lissafa santsi ba.

Kamfanin Tesla ya cire rada daga wasu motocinsa a 2021 ya dogara da kyamara kaɗai. A Oktoban 2024 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan motocinsa kimanin miliyan 2.4 bayan haɗurra huɗu da suka faru cikin ƙarancin gani, ɗaya daga cikinsu ya kashe wata mai tafiya a ƙasa. Abubuwa uku hukumar ta ambata: ƙyallin rana, hazo, da ƙurar da ke cikin iska. Abin da yake wani yanayi na musamman da ya jawo bincike a can, shi ne yammacin kowace rana a tsakanin Bodinga da Shagari na watanni huɗu a shekara.

Komawa kan hanya

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Direba kan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki, mita 42 ke nan, birkin kuma yana bukatar fiye da mita 50 a busasshiyar kwalta. Jimilla kusan mita 100, a jiƙaƙƙen titi kuma fiye da haka. Idan guguwar farkon damina ko ƙurar da tirela ta tayar daga gefen hanya ta rage gani zuwa mita 50, to mai wannan gudu ya riga ya wuce iyakar idonsa da ta kyamararsa tare. Abin da ke cikin ƙurar kuwa na iya zama amalanken shanu, ko raƙumi, ko babur ɗauke da mutum uku ba fitilar baya, ko yaran da suka taso daga makaranta.

Ga yanayi, ga kuma abin da hannu ke ƙarawa. Zafin Maris da Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40, kyamarar kuma tana manne a saman gilashi inda rana ta fi dukan mota; littattafan masu motar da kansu suna cewa takan kashe kanta idan ta yi zafi da yawa har sai ta huce. Na'urar riƙe layi tana bukatar fenti a kwalta, inda fentin ya goge ko yashi ya rufe shi ba ta da abin bi. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari, kuma gaba ne ya fi lalacewa, inda rada take zaune. Duk lokacin da aka canja gilashin gaba ko bamba, ƙa'ida ita ce a sake saita na'urorin da kayan awo na musamman, domin kaucewar digiri ɗaya kacal tana zama kusan mita biyu a nisan mita 100, kusan rabin faɗin layi. Ƙarfen kariya da ake walda wa gaban mota, da takardun da ake liƙawa a saman gilashi, kowannensu na iya rufe ido guda.

Mutanen Sakkwato sun san farashin raina yanayi. A ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 daga cikin 105 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka san da shi, da rashin bin ƙa'idar fita daga juyin iska. Jirgin yana da na'urori, amma hukuncin tashi na mutum ne.

Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana duba taya da fitila da takardu. Horon tuƙi da binciken lafiyar mota a ƙasar nan an gina su ne a zamanin 504, lokacin da idon direba da na yaronsa su ne kaɗai idanun da ke cikin mota. Akwai aiki a gaban hukumomi da makarantun koyon sana'a, irin su kwalejojin fasaha na jihar, na horar da bakanikai a kan saitin waɗannan na'urori, da sanya duba su cikin binciken motar da aka shigo da ita, da mayar da fentin layi wani ɓangare na kowace kwangilar gyaran hanya.

Kafin wannan ya samu, abin da ke hannun mai mota bai fi ƙarfinsa ba. Ya san inda kyamararsa da radarsa suke, ya goge su kamar yadda yake goge madubi. Ya sa a fassara masa kowane gargaɗi da ke fitowa a gabansa, kada ya bari a kashe shi don ƙararsa ta dame shi. Ya tambayi mai canja masa gilashi ko an saita kyamarar. Idan kuma rana ta yi ƙasa a cikin hazo a kan hanyar Shagari, ko bangon ƙura ya taso daga gabas, ya ɗauka jagabansa ya daina gani, ya rage gudu zuwa abin da idonsa zai iya tsayarwa, ko ya sauka daga kwalta gaba ɗaya ya kunna fitilun haɗari ya jira, yadda madugu yake saukar da ayari idan hadari ya haɗo.